Mai Ninkin Lema

Sunana bai taɓa fita a rediyo ba.
Yana ƙasan wata takarda, layi na sha huɗu:
Rimma ta ninke, Yefim ya duba,
sai kwanan wata, sai shuɗin hatimi.

Ɗakin aikinmu na bayan garin Mosko,
tebur ɗaya ne daga bango zuwa bango.
Ba a shiga da zobe, ba a shiga da ɗan kunne,
farce ma sai an yanke shi har tsoka,
don yadin nan mai ratsin fari da ruwan goro
da kaɗan ya fi ɓawon albasa kauri,
kuma mutum uku zai goya.

Igiyoyin muke fara tajewa
kamar gashin yarinya ran komawa makaranta,
kowace da gurbinta, kada wata ta hau 'yar'uwarta.
Sannan ninki bisa ninki, kwana da kwanaki,
har bayana ya manta yadda ake miƙewa.
Injin matsi ya sauko ya danne,
abin da zai rufe farfajiyar gidanmu
ya dunƙule, ya yi taurin kututture.

Daga nan ba mu da ta cewa.
Wata shida tana kwance a gefen kumbo,
cikin duhu, cikin sanyin da bai da suna,
ba mai leƙa ta, ba mai gyara mata kwanciya.
Sau ɗaya za a kira ta.
Ba a yi mata uzurin barci.

Yefim ya koya mini jerin tun ina sabuwa:
ƙaramar ce ke fara leƙo kai, ta fizgo ta tsakiya,
ta tsakiya ta karya gudun,
sannan babbar ta fito, bakinta a ɗaure,
sai ta sha iska kaɗan kafin a sake ta.
"Wadda ta buɗe baki gaba ɗaya, ita ke yagewa,"
ya faɗa yana kallona ta saman tabarau.
Na gane da wa yake.

Ranar dawowa ba ma taɓa allura.
Shayi ya huce a kofi, Zoya tana cizon leɓe.
Akwai 'yan mintunan da wuta ke lulluɓe kumbon,
murya ta ɗauke, sai shuuu a lasifika.
Ni ba fuskokinsu nake gani ba,
igiya ta talatin da bakwai nake gani,
wadda na warware na sake jerawa
ran da ɗana ya kwana da zazzaɓi.
Na jera ta daidai?
Na san na jera. Na jera?

Sai wani can a sararin Kazakistan,
cikin rugugin jirgi mai saukar ungulu,
ya ce, "Ga ta, ta cika."
Zoya ta fashe da kuka, Yefim ya fita shan taba,
ni kuwa na zubar da shayin na haɗa wani.

Shekara ashirin da tara, ban taɓa ganin ta buɗe ba.
A ninke nake sallamar ta,
a yamutse ake dawo mini da ita cikin buhu,
don a bincika inda ta ji jiki.
Na bana da muka zazzage,
ƙaurin ƙuna ya tashi, da ƙamshin tazargade,
ga busasshiyar ciyawa maƙale a bakin ɗinki,
ga sawun kofaton doki a ratsi na fari:
wani makiyayi ya riga sojoji isa.

Ciyawar tana cikin aljihun rigar aikina.
Doka ta hana, Yefim ya gani,
ya juya ya ci gaba da ƙirga igiya.